Takarda daga Kamaru

Ina da shekara talatin da huɗu lokacin da na bar Damagaram na zo Jimeta, a Yola, koyar da Faransanci. Ba son yawon duniya ne ya fito da ni ba. Shekara tara na yi ina koyarwa a ƙauyukan ƙasarmu a matsayin malamin kwantiragi, kowace shekara a ce mana baɗi za a ɗauke mu aikin dindindin, har na gaji na daina tambaya. Wani abokina da muka yi makaranta tare, wanda ke sayar da kayan waya a kasuwar Jimeta, shi ya kira ni ya ce wata sakandare mai zaman kanta tana neman malamin Faransanci, domin nasu ɗan Kamaru ne, ya tattara ya koma gida. Ban tambayi abin da ya sa ya koma ba.

Mahaifiyata ce ta yi tambayar da ta kamata. Ta ce, "Wane irin mutum ne zai nufi gabas a wannan lokaci, alhali kowa daga can yake gudowa?" Na ce mata Yola ba Maiduguri ba ce, akwai tazara mai yawa. A taswira na ga tazarar, kuma na yarda da ita.

Matata tana da cikin wata huɗu. Muka yanke cewa in fara yin gaba, in sami gida, in zauna da gindina, idan ta haihu ta yi arba'in sai in zo in ɗauke ta.

Kwana biyu na yi a hanya. Daga Gombe zuwa Numan ban san iyakar sau nawa aka sauke mu daga mota ba, mu ɗaga hannuwa sama mu taka a ƙasa mu wuce shinge, direba ya biyo mu a baya. Na iso a ƙarshen damina. Na ɗauka ɗan Damagaram ya gama sanin zafi, ashe namu busasshe ne, idan ka sami inuwa ka tsira. Na Yola jiƙaƙƙe ne, daga kogin Binuwai yake tasowa ya bi mutum har cikin ɗaki.

Abokina ya sama mini ɗakuna biyu a Alkalawa, a gidan wani dattijo Bafulatani da ya yi ritaya daga ma'aikatar ilimi. Kowa a unguwar Baffa yake ce masa, matarsa kuma Dada, ni ma na bi sahu. 'Ya'yansu duk sun girma sun watse. Ɗakunan suna jere kusa da zaure, kowanne da ƙofarsa, suna kallon wata tsohuwar bishiyar dogon yaro. Ranar da na shiga Baffa ya duba jakata guda ɗaya, ya ce, "Matarka yaushe zai zo?" Na yi jim kafin na gane da matata yake. Daga baya kunnena ya saba, domin haka yawancin mutanen garin suke Hausa, ba sa wahalar da kansu wajen raba mace da namiji. Su kuma tawa Hausar ce take ba su dariya. Ranar farko a aji na gaya wa ɗalibai cewa a ƙasarmu mushe ake kiran malamin makaranta. Ajin ya kece da dariya har shugaban makarantar ya leƙo. Tunda nake ban taɓa haɗa wannan kalma da mushen dabba ba sai ranar.

Makonnin farko na yi su ne a kan ɗakin da ya fi kusa da cikin gida, wanda na ware wa matata. Na shafa masa shuɗin fenti da hannuna, na sayo gado da katifa, na sa tela ya ɗinka labule, na sayo zanin gado mai furanni na shimfiɗa. Ni kuwa a ɗakin da ke jikin zaure nake kwana a kan tabarma. Kowace safiya Dada tana aiko mini da kunun gyaɗa a kwanon sha mai murfi. Na fara koyon gaisuwar Fulatanci, na san inda ake samun kifi mai kyau, na san wace Keke Napep ke bi ta ƙofar makarantarmu. Idan na kira gida nakan ce da su ai nan lafiya lau, labarin yaƙi a rediyo muke ji kamar yadda suke ji.

Ban cika wata biyu ba Mubi ta faɗa hannun 'yan bindiga. A Jimeta ba a kiran sunansu, sai dai a ce mutanen nan. Ina cikin aji na ga iyaye suna shigowa suna janye 'ya'yansu ba tare da sun yi wa kowa magana ba. Washegari aka rufe makarantar. Daga nan mutane suka fara isowa, na farko a motoci, sannan a bayan tirela, sannan a ƙafa. Na tsaya a bakin titi na ga wata mata da ta ɗaure ƙafafunta da tsumman zani saboda takalmi ya ƙare a hanya. Ba wanda yake kuka a cikinsu. Tafiya kawai suke yi suna kallon gabansu.

Gidan Baffa ya cika cikin kwana uku. 'Yan uwan Dada suka mamaye cikin gida, maza suka shimfiɗa tabarmi a zaure. A rana ta huɗu, bayan azahar, Keke Napep ta sauke wani tsoho dogo siriri a ƙofar gida. Rigarsa ta koma kalar ƙasa, ƙafafunsa sun kumbura har ba a ganin idon sawu, yana riƙe da 'yar farar leda. Baffa ya fito, ya dube shi, ya kama hannunsa da hannu biyu, ya shigar da shi zaure.

Da la'asar Baffa ya same ni a ɗaki. Ya ce tsohon abokinsa ne tun kwalejin horon malamai, Kirista ne daga wani ƙauye a duwatsun Michika, ya yi hedimasta shekaru masu yawa kafin ya yi ritaya.

"Malam, roƙo na zo yi, ba umarni ba," in ji shi. "Ɗakin da ka shirya wa matarka nake roƙo. Na san naka ne. Amma mutumin nan ba zai iya kwanan zaure ba, kuma ba ni da wani wurin."

Na ce ba komai. Gaskiyar magana ita ce ban so ba. Kafin a shigo da shi na yi sauri na yaye zanin gadon nan mai furanni na ninke na tura a jakata, na shimfiɗa wani tsohon mayafi. Har yau idan na tuna wannan sai in ji kunya.

A makon ne surukina ya kira ni. Bai tsawaita gaisuwa ba. Ya ce sun ji a rediyo Yola ce ta gaba, ba zai ba ni 'yarsa in kai ta bakin wuta ba, ko bayan ta haihu. Idan ina son iyalina in dawo gida. Abokina mai kayan waya ya rufe shagonsa ya nufi Kano, ya ce akwai wuri a motar. Ban bi shi ba. Ba jarumta ba ce. Na kasa tunanin yadda zan shiga Damagaram hannu rabbana bayan wata biyu, in wuce ta gaban mutanen da na yi wa sallama.

Hedimasta, haka muka riƙa kiransa, ya yi kwana biyu ba ya magana sai godiya. A rana ta uku muna zaune a gindin dogon yaro, ƙafafunsa cikin roba da ruwan ɗumi da gishiri, ya ba ni labari ba tare da na tambaya ba. Tun da aka ci ƙauyensu shi da matarsa suka koma Mubi, suka kama ɗaki. Ba su da 'ya'ya a raye. Matar tana da ciwon suga, ga ciwon gwiwa. Ranar da abin ya faru ya fita da safe ya sayo mata magani a cikin gari. Yana fitowa daga kyamis aka fara harbi. Ya nufi gida, amma unguwarsu ta can ne harbin yake fitowa, mutane kuma sun cika titi suna tahowa, suka tura shi baya. Ya gwada ta wani lungu, wani saurayi ya riƙe shi ya ce, "Baba, idan ka shiga nan gawarka za a fitar." Haka taron ya tafi da shi kudu. Wayar tana hannunsa, ita ba ta da waya.

"Bai iya sauri ba," ya ce, yana nufin matar. "Ko coci za mu je sai na jira shi a hanya."

Ya buɗe farar ledar ya nuna mini. Maganin ne, kwali biyu, ba a ɓare ba.

Da ƙafafunsa suka yi sauƙi ya fara nema. An buɗe makaranta bayan 'yan makonni, saboda haka ranakun Asabar ne nake raka shi, tun da Baffa ba ya iya doguwar tafiya, ni kuma zaman ɗaki ya ishe ni. Hedimasta yakan yanka kwali ƙanana, ya rubuta sunan matarsa da na ƙauyensu da lambar wayarsa, da irin rubutun malaman da, kowane harafi a tsaye. Duk inda muka je sai ya bar guda ɗaya. Yana da hotonta ɗaya a wayarsa, tana cikin ankon matan coci, ta ɗan kauda kai kamar wani ya kira ta. Mun shiga sansanonin bayan gari, mun shiga harabar coci-coci inda mutane ke kwana a ƙarƙashin rumfa, mun shiga makarantun firamare da gidajen da ba a gama ginawa ba a Yolde Pate. A kowane wuri akwai mai rajista, Hedimasta ya sa tabarau ya bi sunayen da yatsa tun daga farko har ƙarshe. Sau biyu muka sami mai irin sunanta. Ta farko yarinya ce, ta biyu tsohuwa ce makauniya daga wani gari daban, ta riƙe hannunsa tana tambaya ko ya ga ɗanta.

Wata Asabar aka ce mana akwai mutanen yankinsu a Vinikilang, a ƙetaren kogi. A shingen da ke bakin gada aka sauke mu, aka ce kowa ya fito da katin shaida. Na miƙa nawa ga wani jami'i. Jami'in ya juya shi gaba da baya, ya ga ba Turancin da ya sani ba ne.

"Kai ɗan ina ne?"

"Ɗan Nijar ne, ranka ya daɗe. Malamin makaranta ne a nan Jimeta."

"Ɗan Nijar. Me ɗan Nijar yake nema a sansanin 'yan gudun hijira?"

Na fara bayani, amma takardar ɗaukata aiki na bar ta a gida, kuma yadda nake magana ya ƙara tabbatar masa ni baƙo ne. Aka ce in tuɓe riga. Suka duba kafaɗuna ko akwai shatin igiyar bindiga, suka duba tafin hannuna da yatsuna. Sannan aka ce in zauna a ƙasa a gefen buhunan yashi, cikin rana, kusa da wasu samari biyu da aka kama kafin ni. Aka ce wa Hedimasta ya wuce.

Bai wuce ba. Ya zo ya zauna a ƙasa kusa da ni, ya miƙe ƙafafunsa. Jami'in ya daka masa tsawa. Ya amsa da Turanci mai tsabta, a hankali, kamar yana yi wa ɗalibi gyara, cewa ni ɗan gidansu ne, shi ya fito da ni, kuma ba zai koma gida ya ce wa mai gidan ya bar ni a hanya ba. Ya kira Baffa a waya. Daga hantsi har bayan la'asar muna nan. Bayana ya ƙone, leɓuna suka tsage. Baffa ya iso da shugaban makarantarmu da takardar ɗaukata aiki, aka yi ta magana, sannan aka jefo mini rigata. Samarin nan biyu muka bar su a zaune. Ban san abin da ya same su ba, kuma ban tambaya ba, don a ranar kaina kawai nake ji.

A hanyar gida Hedimasta ya ce, "Ka yafe mini, Malam." Na ce ba laifinsa ba ne. Da muka isa na ciro zanin gadon daga jaka na shimfiɗa masa. Bai san tarihinsa ba, ya ce yana da kyau.

Matata ta haihu a ƙarshen sanyi, mace. A waya na ji kukanta. Ban je suna ba saboda ana tsakiyar zango, kuma na san idan na tafi ba za a bar ni in dawo ba. Dada ta dafa shinkafa da kifi ta raba wa 'yan gidan, Hedimasta ya ba ni sabulu guda biyu ya ce in aika wa mai jego.

Bayan haka da kamar wata ɗaya, lokacin da zafi ya kai maƙura, na dawo daga makaranta da azahar na tarar da shi a tsaye a ƙofar ɗakina. Ya yi wanka, ya sa farar riga da Baffa ya ba shi, ya yi aski. Ban taɓa ganin haƙoransa a waje haka ba.

"Malam, an gan shi," ya ce. "Yana Kamaru, a asibiti."

Ya ba ni labarin a tsaye. Wata maƙwabciyarsu ta Mubi tana cikin waɗanda aka dawo da su daga Kamaru a manyan motoci, aka sauke su, ta sami wuri a Yolde Pate. A can ta ga ɗaya daga cikin kwalayensa maƙale a ƙofar wani aji, wani ya karanta mata, aka kira shi. Ta ce ranar da aka shiga Mubi su suka fito da matarsa, suka nufi gabas ta duwatsu, inda hanya ta yi kyau su tura ta a baro, inda ta ɓaci maza su goya ta. Kwana biyar suka yi kafin su ƙetare iyaka. A rana ta ƙarshe ta daina magana. Suka kai ta wani ƙaramin asibiti a wani ƙauye, aka karɓe ta. Washegari jandarmomi suka zo kwashe 'yan gudun hijira zuwa wani wuri mai nisa. Ana loda su a mota wata ma'aikaciyar asibitin ta fito da gudu ta miƙa wa maƙwabciyar takarda tana magana da Faransanci. Wani a cikin motar ya ce ai takardar kwantarwa ce, idan danginta sun zo su nuna. Matar ta naɗe ta a leda ta ƙulle a bakin zaninta, wata huɗu da ɗoriya tana tare da ita.

"Ka karanta mini sunan garin da na asibitin," ya ce. "Gobe zan kama hanya. Na riga na haɗa kaya."

Ya miƙo takardar. Ta yi laushi, ta kusa rabewa a wurin ninki. Na buɗe. Layin farko da ke ƙarƙashin sunan asibitin ya isa. Takardar shaidar mutuwa ce. An rubuta sunanta da kuskuren harafi ɗaya, an yi kirdadon shekarunta, an ce an kawo ta a sume da yamma, ta cika da asuba. Ga sa hannu, ga hatimi. Na lissafa a raina. Ranar da ta rasu, mijinta yana zaune a gindin dogon yaro da ƙafafu a ruwan gishiri. Duk Asabar ɗin da muka fita, duk rajistar da ya bi da yatsa, tana cikin ƙasa.

Na ce, "Baba, rubutun likita ne, bari in duba ƙamus."

Na shiga ɗaki na tsaya a bayan ƙofa. Ba wata kalma a takardar da ɗan aji ɗaya ba zai gane ba. Na yi tunanin in ce masa an mayar da ita wani asibiti ba a faɗi suna ba. Na yi tunanin in ce ruwa ya ɓata rubutun. Daga ƙarshe na fita na wuce shi ban dube shi ba, na shiga cikin gida na sami Baffa yana alwala. Na gaya masa, na roƙe shi ya faɗa masa, tun da abokinsa ne.

Baffa ya ajiye buta. Ya ce, "Kai ka karanta, kai za ka faɗa. Idan ni na faɗa zai ce ban iya yaren ba. Zan zauna kusa da shi."

Muka fito. Hedimasta ya riga ya zauna a kan benci a gindin bishiyar, hannuwansa a kan gwiwoyi. Baffa ya zauna a gefensa. Na durƙusa a gabansa, na ce, "Baba, sai haƙuri. Mama ta rasu. Washegarin ranar da aka kai ta."

Bai motsa ba. Can ya ce, "Na ga kalmar tun a Yolde Pate. Ta yi kama da wata ta Turanci." Ya dubi takardar da ke hannuna. "Na ce wataƙila a yarensu wani abu daban take nufi."

Sai ya ce in karanta masa duka, daga sama har ƙasa, kada in tsallake komai. Na bi layi-layi ina fassarawa, har lambar takardar da abin da ke jikin hatimin. Ya tambaya ko an faɗi inda aka binne ta. Na ce ba a faɗa ba. Ya tambaya ko an rubuta cewa ta farfaɗo, ko ta yi magana. Na ce ba a rubuta ba. Ya gyaɗa kai, ya ce in rubuta masa fassarar a takarda mai kyau, zai kai wa fastonsu. Na rubuta a wurin, a kan gwiwata. Ya karɓa ya karanta, ya nuna mini inda aka yi kuskure a sunanta, ya ce in gyara a tawa.

Mata a cikin gida suka fara kuka da labarin ya isa gare su, duk da ba wadda ta taɓa ganinta. Shi bai yi ba a gabanmu. Ya tashi ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Da la'asar ya fito da farar ledar nan ya miƙa wa Dada, ya ce ta ba duk wanda ta san yana da ciwon suga, kada maganin ya lalace a banza.

An yi mata addu'a ranar Lahadi a wata coci a Jimeta, ba gawa. Ni da Baffa muka raka shi, muka zauna a benci a waje har aka tashi. Mutanen unguwa suka yi ta zuwa gaisuwa kwana uku, limamin masallacinmu ma ya zo.

Ya ƙara wata bakwai a ɗakin. Ya rage magana, ya rage cin abinci. Ya so ya je ya ga kabarin, na ce zan raka shi in yi masa tafinta, amma a lokacin iyaka a rufe take, da aka buɗe kuma ya ce ya fasa. Ya ce ya san irin binnewar da ake yi wa baƙo a lokacin gudu, ba ya son a nuna masa fili a ce ya zaɓa. Da aka ce hanyar garinsu ta buɗe ya shiga motar farko da ta tafi.

Matata ba ta zo ba sai da 'yarmu ta shekara biyu. Surukina ya yarda ne bayan mahaifiyata ta je ta same shi da kanta. Fentin ɗakin ya riga ya dushe, ga tabon hannun Hedimasta a bango daidai inda yake dafawa idan zai tashi. Matata ta dube shi ta ce a sake fenti, na sake. 'Yar ta yi mako uku tana ɓuya a bayan uwarta idan na shigo.

Na je na gan shi sau ɗaya, bayan shekara uku, lokacin hutun ƙarshen shekara. Tun daga Hong ake ganin gidaje ba rufi, da gadojin da aka karya, mota ta sauka ta bi ta cikin rafi. Gidansa an ƙone shi, 'yan cocinsu suka rufa masa ɗaki ɗaya da kwano. Na same shi a zaune a baranda, ya rame ƙwarai, idonsa ɗaya ya yi fari. Bai gane ni ba sai da na yi magana. Ya ce, "Ɗan Nijar," ya kama hannuna. Ya tambayi Baffa da Dada, ya tambayi 'yar da uwarta, ya tambaya ko har yanzu yara suna yi mini dariya. Bai ambaci matarsa ba, ni ma ban ambata ba. Ƙarfe biyu na yi ya ce in tashi, don ana rufe hanya kafin la'asar. Ya ɗebo gyaɗa a buhu ya cika mini leda, ya rako ni har bakin titi yana dogara sanda.

"Kada ka ƙara zuwa," ya ce. "Hanyar ba ta da kyau, kuma kana da iyali."

Da damina ta gaba ya rasu. Sai bayan mako biyu muka ji, lokacin da Baffa ya kira wayarsa wani ɗan cocinsu ya ɗauka. Baffa ma bai daɗe ba bayansa, 'ya'yansa suka ɗauke Dada, aka sayar da gidan.

Yanzu a Vinikilang muke, a wani gida mai ɗaki uku da na gina a hankali, da 'yar gona a bayansa inda matata ke shuka kuɓewa da yakuwa. Har yanzu ina koyarwa a makarantar, ko da yake masu zaɓen Faransanci suna raguwa kowace shekara. 'Ya'yana uku ne, duk sun fi ni Fulatanci, idan mun je Damagaram 'yan uwansu suna kwaikwayon Hausarsu. Mahaifiyata ta rasu, ɗakina na gidanmu ƙanena ya sa iyalinsa a ciki. Wani lokaci idan muna zaune da yamma matata takan tambaye ni ko a nan za mu tsufa, sai in ce mata bari yara su gama makaranta tukuna.